Rasuwar Hannun Dattijo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi wanda ladabin sanarwa ya hana ni kiran sunansa, ni Hambali ɗan Malam Muhammadu Sani Dattijo, magatakardan ƙungiyar manoman rani ta kanal ɗin Gidan Ɗorawa da ke tsakanin Kura da Bunkure, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gonarsa yana jiran ruwa, rasuwar Hannun Dattijo. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a cikin kwamfutar ƙungiya da ke ofishinmu na Kura, yana da shekara huɗu da 'yan watanni a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba jinya ce ta kai shi ba. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi yana nan cikin gari yana yawo da biro uku a aljihun gaba.

Ga waɗanda ba su san mamacin ba, ba mutum ba ne, ba kuma hannu ba ne mai yatsu. Shi ne abin da masu kwamfuta ke kira font, wato zubin haruffan da na'ura ke rubutu da shi. Kowace kwamfuta tana zuwa da irinsu barkatai, masu ƙiba da ramammu da masu tafiya a karkace, duk na mutanen da ba mu sani ba. Namu shi kaɗai ne irinsa a faɗin duniya, domin daga hannun mahaifina aka ciro shi.

Asalinsa kuwa ga shi. Mu arba'in da ɗaya ne a kan ƙaramin kanal guda, daga 'yan kai da ke jikin ƙofar ruwa zuwa mu 'yan wutsiya da ruwa ke iskowa a gajiye. Kafin Dattijo ya karɓi rubutun jadawalin ruwa, babu ranin da ke wucewa ba a fasa wa wani kai da shebur ba. Da ya karɓa, sai ya riƙa rubuta wa kowa ranarsa da sa'arsa a takarda guda, a liƙa a bangon ƙofar ruwa, shekara ashirin da uku bai taɓa ƙara wa ɗan'uwansa minti ɗaya ba. Galibin mutanenmu ajami suka iya, boko sai an karanta musu. Amma hannun sun san shi kamar yadda suka san muryar ladaninsu. Sun san bakwai ɗinsa mai ɗamara a tsakiya, sun san wutsiyar harafinsa da ke lanƙwashewa kamar lauje. In takarda ta zo da wannan hannu, ko mai taurin kai sai ya janye tiyonsa ya bar na baya ya sha.

To, sai tsufa ya kawo wa Dattijo rawar hannu. Abuzar, ɗan ƙaninsa da ke aiki a wata maɗaba'a a Kano a lokacin, shi ya zo da dabarar. Ya tsaga farar takarda gida-gida, ya ce Baba ya rubuta harafi ɗaya a kowane gida, manya da ƙanana, da lambobi, da masu ƙugiya irin namu na Hausa. Kwana biyar tsohon nan yana yi, da sassafe kawai, lokacin da rawar kan ɗan lafa, in harafi ya ɓaci ya yi tsaki a sake tsaga wata. Abuzar ya tafi da takardar ya ɗauki hotonta a na'ura, ya bi gefen kowane harafi da ɗigo-ɗigo da layi har ya fitar da siffarsa, sannan ya ɗaura kowace siffa a kan madanninta. Wata biyu ya kwashe. Ranar da ya dawo ya zuba shi a kwamfuta, na danna, sai ga rubutun mahaifina yana fitowa a allo shi kuwa yana zaune a gefe hannuwansa cikin riga. Firinta ta fitar da takardar. Ya kai ta kusa da idonsa ya daɗe, sannan ya ce wannan ai hannunsa ne na shekara goma baya. Da kansa ya kai ta ƙofar ruwa ya nuna wa jama'a. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa, hannun ya ci gaba da aiki.

Mamacin ya kasance mai haƙuri, mai kunya, marar girman kai. In ka ƙara masa girma don a hango shi daga kan babur, ba ya fashewa, ba ya yin bishi-bishi kamar hoton da aka ja, domin ba hoto ba ne, siffa ce ake sake zanawa kowane lokaci. In ka rage shi don sunaye arba'in da ɗaya su shiga shafi guda, ya ragu ba gunaguni. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa neman shayi ba. Da wutar gari ya yi aiki, da ƙaramin janareto ya yi aiki, ranar da tawada ta kusa ƙarewa ma sai ya fito fari-fari amma da mutuncinsa. Ba shi da murya tasa ta kansa, sai wadda firinta ke ara masa. Jiit, jiit, jiit, sai ta ɗan yi shiru kamar mai nazarin wani suna, sai kuma jiit, jiit, sannan sharr, takarda ta faɗo da ɗuminta. Duk ranar Laraba da hantsi wannan ƙara nake ji, kuma wallahi ban taɓa jin ta ba tare da na gyara zama ba.

Ya rasu ya bar firinta guda, wadda tun ranar nan take fitar da abin da aka ba ta ba tare da ta san wa take wa aiki ba. Ya bar takardu ɗari biyu da goma sha uku marayu. Ya bar manoma arba'in da ɗaya da iyalansu. Ya bar mahaifiyata Hajiya Iyatu, wadda ba ta karanta ko harafi, amma duk sati sai na kai mata kwafi guda ta shafa shi da tafin hannu ta sa a ƙasan tabarmar sallarta, tana cewa in ta gan shi sai ta ga kamar Malam tafiya ya yi. Har yanzu ban iya gaya mata ba. Ranar Laraba ta tambaye ni, na ce tawada ce ta ƙare, na fito da sauri kafin ta kalli fuskata.

Yanzu bari in zo kan jinyar da kisan, kuma ba zan bar kaza cikin gashinta ba, fige ta zan yi.

Akwai wani bawan Allah ana ce masa Baballe, mijin ƙanwata Kulu. Namiji ne da gemunsa da 'ya'ya huɗu, kada wani ya ce ƙuruciya ce. Bara ya je Kano ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku, ya dawo ya ce daga yau a kira shi Injiniya. Ƙaramin sani ƙuƙumi, an faɗa tun kafin a haife shi. Shi ne ya fara zuwa ofis da filashinsa cike da waƙoƙi da finafinai, ya cusa a kwamfutar ƙungiya, tun daga ranar ta fara nauyi, ka danna abu ka je ka yi alwala ka dawo bai buɗe ba. Ka ga shi ya kawo cutar ke nan. Amma cuta ce da ake rayuwa da ita. Wata uku muna lallaɓawa, jadawali bai taɓa makara ba.

Ranar Asabar na tafi ɗaurin aure Garun Mallam, na bar mabuɗin ofis a wajen Kulu saboda masu zuwa ɗaukar shebur ɗin ƙungiya. Baballe ya karɓa. Ya shiga don ya buga wa kansa takarda mai sunansa da Injiniya a sama, ya ga na'ura tana jan ƙafa, sai tausayi ya kama shi, ka ji fa, tausayi. Babu wanda ya aike shi, babu wanda ya tambaye shi, ga waya a aljihunsa bai kira ni ba. Ya ciro faifansa ya yi mata abin da suke kira fomatin, wato ya share cikinta tas kamar an wanke tukunya, ya zuba sabo. Da na dawo na same shi a kan kujerata ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana jiran godiya. Ya ce in duba yadda take gudu yanzu. Ya ce kada in damu, takarduna duk ya kwashe su a filashi kafin ya fara, ko ɗaya bai ɓata ba.

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na ɓoye. Ni ma da na ji haka hankalina ya kwanta. Shekara huɗu ina zaton hannun yana cikin takardun, tunda a cikinsu nake ganinsa. Ashe takardar da ke cikin kwamfuta ba ta ɗauke da shi. Abin da ke cikinta lambobin haruffa ne kawai da sunan zubin da za a rubuta su da shi, kamar yadda jadawali ke kiran ruwa amma ko ɗigo babu a jikinsa. In an buɗe ta sai kwamfuta ta leƙa ɗakin da take ajiye zubin haruffa ta kira sunan. In ya amsa, shi ke nan. In bai amsa ba, ba ta tsayawa makoki, sai ta jawo duk wanda ke kusa ta tsayar a gurbinsa. Wannan ɗakin shi Baballe ya rushe.

Na buɗe jadawalin satin jiya. Sunayen suna nan, sa'o'in suna nan, amma da wani rubutu mai sanyi irin na takardar asibiti. Inda haruffanmu masu ƙugiya suke kuwa sai ƙananan akwatuna babu komai a ciki. Na buɗe ta biyu, haka. Na buɗe ta goma, haka. Na tambaye shi ina Hannun Dattijo. Ya leƙo ta kafaɗata, ya yi 'yar dariya, ya faɗi maganar da in sha Allahu sai na tsaya da shi a kanta ranar gobe ƙiyama:

“Haba Yaya, ai font ne kawai. Akwai wajen ɗari biyu a ciki, zaɓi wanda ya yi maka.”

Ban mare shi ba, kuma ina roƙon jama'a su shaida wannan, domin shi ne aikin lada mafi girma da na yi a bana.

An yi ƙoƙarin ceto. Faifan da Abuzar ya kawo shi a ciki tun farko na tono shi daga ƙasan akwati, ashe damina huɗu ta ci shi, na'ura ta yi ta gurnani a kansa ƙurr, ƙurr, ta tofo shi. Na kira Abuzar, wanda yanzu yake Legas. Ya ce maɗaba'ar nan an rufe ta, an sayar da kwamfutocin, takardar gida-gida kuwa Allah kaɗai ya san wanda ya ƙunshe ƙosai da ita. Ya ce in an tattaro tsofaffin jadawalai zai iya gwada ciro siffofin daga jikinsu, amma sai ya samu sati shida, kuma abin da zai fito jika ne, ba ɗa ba. Sati shida! Tumatirinmu na wutsiya yana cikin fure. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da kwana goma ba ruwa ke yi wa fure.

Da na rasa yadda zan yi, ranar Laraba na buga jadawali da baƙon rubutun nan, na bi ƙugiyoyin da biro ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi wa wannan sanarwa, na hau babur na kai ƙofar ruwa. Alhaji Ɗanbaba, babban 'yan kai, wanda mabuɗin ƙofar ke rataye a wuyansa tun ina ɗan firamare, ya karɓa. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗaga ta sama ya duba ta da rana. Na fara bayani ya ɗaga mini hannu.

“Hambali, ba na ce ka yi ƙarya ba. Amma wannan rubutun kowa ne. Ko ni in na shiga Kura yanzu sai a buga mini irinsa in sa sunana sau uku. Da me zan kare kaina in na hana mutum ruwa a kan wannan?”

Ya miƙo mini ita. Tun daga ranar aka koma zamanin da, mai kusa da ruwa ya sha ya ƙoshi. 'Yan kai sun zuba tiyo a kanal kowa yadda ya ga dama, na tsakiya suna kwasar saura, mu a wutsiya kanal ya bushe har awaki na tafiya a cikinsa. Jiya na zaga gonata da safe, fure yana zuba a ƙasa rawaya-rawaya, ganye ya naɗe. Maƙwabcina Mustapha ya wuni yana jido ruwa da jarka a bayan keke daga wani kududdufi, mutum mai shekara sittin. Shekaranjiya kuwa saura ƙiris a zubar da jini a kwalbatin tsakiya, abin da rabonmu da shi tun ina yaro. In ruwa bai iso wutsiya ba nan da Litinin, gonaki goma sha huɗu sun tafi, tawa a ciki, kuma babu abin da za mu kai gida sai karan tumatir.

Ina godiya ga waɗanda suka zo ba ni haƙuri, amma ina sanar da su cewa haƙurin bai samu wuri ba, gidan a cike yake. An ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta karɓi mabuɗi a hannun Kulu ba. An ce mini nufinsa alheri ne. To Allah ya haɗa shi da mai irin nufinsa ranar da ya kwanta ciwo. Allah ya sa duk takardar da zai buɗe daga yau ta cika da akwatuna. Allah ya sa wutar gari ta ɗauke masa a layin ƙarshe kafin ya adana. Ranar da zai nemi aiki da takardar Injiniyan nan tasa, Allah ya sa firinta ta cinye ta daga tsakiya. Ban yafe ba, kuma duk wanda ya je ya ce masa na yafe, shi ma ya shiga layi.

Game da jana'iza. Na tuntuɓi liman, ya ce babu wanka, babu salla, tunda babu rai kuma babu gawa, sannan ya ce in ji tsoron Allah in rage zafi. Na farkon na karɓa. Saboda haka ga yadda dattawan ƙungiya suka tsara, kuma Alhaji Ɗanbaba ya amince.

Ranar Lahadi da hantsi za a taru a ofishin ƙungiya a Kura. Makara ita ce akwatin kwamfutar da mamacin ya cika a ciki. Baballe ne zai ɗauke ta, a ka, ba gammo, da ƙafa, ta kan gaɓar kanal har ƙofar ruwa. Masu babur su biyo a hankali, kada wanda tausayi ya ɗebe shi ya ce zai rage masa hanya. A can zai tsaya gaban sauran mutum arba'in ya faɗa da bakinsa, ba Turanci a ciki, abin da ya yi da yadda ya yi shi, don kowa ya san ba Hambali ne ya canza hannu don wata manufa ba. Bayan nan za a binne mataccen faifan a gindin bangon da ake liƙa jadawali. Sai a karanta sabon jadawali da ƙarfi, kowa ya dangwala yatsa a gefen sunansa, tunda abin da ya rage mana ke nan da ba a iya bugawa a Kura. In an gama, Alhaji Ɗanbaba zai buɗe ƙofa. Zaman makoki na kwana uku za a yi shi a wutsiyar kanal, gindin mangwaron Mustapha. Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da goro ko dabino, su zo da shebur, akwai yashi da ya toshe hanya.

Abu na ƙarshe, don kada wani ya ji shi a bakin ƙofa ya ce an yi masa ba-zata. Gonar Baballe ta gado ita ce ta tara a layi tun zamanin Dattijo. A sabon jadawali ita ce ta arba'in da ɗaya. Ba dattawa suka ce ba, ni na yi. Na san a bana ruwa ba zai kai na arba'in da ɗaya a kan lokaci ba. Na san Kulu da 'ya'yanta daga gonar nan suke ci, ta zo jiya ta tsaya a bakin ƙofar ofis tana kuka, na ce ta koma gida.

Shekara huɗu, ko minti biyar na so in ƙara wa wani, da na ga sunan ya fito da rubutun mahaifina sai kunya ta kama ni in goge. Jiya na ɗauke sunan mijin ƙanwata daga sama na kai shi ƙasan shafi, na zauna na harɗe hannu ina kallon allo, ina jiran abin da zai hana ni. Baƙon rubutun nan ya kalle ni, na kalle shi, bai san ni ba, ban san shi ba. Na danna, firinta ta fitar.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Sani Dattijo, ya kai haske kabarinsa, ya ba mu haƙurin rashin abin da ya rage mana nasa. Wanda ya kashe hannunsa kuwa, ya jira ruwa.

Sanarwa daga Hambali Muhammadu Sani,
a madadin iyalan mamacin da 'yan wutsiyar kanal ɗin Gidan Ɗorawa.
Kura, Fabrairu 2007.